Ƙuduji a Jigawar Baba: Abin da Na Rubuta a Damanar 2024

18 ga Mayu

Yau na auna gonar da taki, ni da ƙanena, muka kafa turaka. Gonar gandunmu ce, kudu da Miriya, tafiyar ɗan lokaci a kan babur daga Damagaram inda nake koyarwa. Shekara uku ke nan waken da muke sawa tsakanin hatsi ba ya biyan wahalarsa. Zai fito da kyau, ya fara yaɗo, sai a wayi gari ganyen ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi, ya tsaya cak, bayan ƴan kwanaki kuma ƙuduji, ciyawar nan mai tsotson saiwar shuka, ya ɓullo a gindinsa. Wasu gaugai suke ce masa, mutanen Kano kuma wuta-wuta, kuma duk wanda ya ga gonar da ya cinye ya san dalilin sunan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ba ko'ina yake cin gonar ba. A kan tudu, inda jigawa take fara tas, nan yake sarauta. Ƙarƙashin gawo biyun da ke tsakiya, da ƙyar ka ga ɗaya. Can ƙasa inda gonar ta gangara ta zama geza, sai jefi-jefi. Baba ya ce tun yana yaro haka abin yake, ƙasa ce ke haifar shi in ta gaji. Ni kuma na karanta cewa iri gare shi kamar kowace ciyawa. Ina so in bi damanar bana daga farko har ƙarshe in ga inda maganganun biyu suka haɗu.

Na raba kowane wuri, tudu da gindin gawo da geza, gida uku: irinmu na gida ba taki, irinmu da takin dabbobi, sai irin zamani ba taki. A kan tudu na ƙara gida na huɗu, irinmu da takin supa, wato takin zamani mai sinadarin fosfor.

8 ga Yuni

Amalanke ta kai taki. Na dage sai wanda ya kwana shekara a rami ya ruɓe, ba ɗanyen kashin awaki na bana ba. Awakinmu harawar gonar nan suka ci duk rani, kuma harawar da aka tattara tare da busasshen ƙuduji tana iya mayar da irinsa gona ta cikin kashi. Ƙanena ya ce, “Yaya, taki ai taki ne.” Na zubo masa ɗan garin da na kakkaɓo bara daga busasshen ƙuduji a kan farar takarda. Ya ɗauka ƙura ce. Gindi ɗaya yana zubar da irin wannan ƙurar dubbai masu yawa, kuma tana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10, wasu ma har 20, tana jira.

Irin zamanin da na samo ta hannun malamin gona shi ne IT97K-499-35, farin wake daga cibiyar binciken noma ta IITA, wadda ke da hedikwata a Ibadan da reshe a Kano. A Najeriya an sake shi ga manoma a 2008 da sunan SAMPEA 10. Juriyarsa ga ƙuduji ta samo asali daga wani wake na ƙasar Botswana da ake kira B301. Baba ya juya ƙwayoyin a tafin hannu ya ce, “Fari ne dai. Yana harawa?” Na ce ba kamar namu ba. Bai ƙara cewa komai ba.

29 ga Yuni

An yi ruwan shuka bayan Sallar Layya, hatsi ya tsiro. Wake zai jira har hatsi ya kama ƙasa.

13 ga Yuli

Mun shuka wake da safe, ƙasa da laima har tsawon hannu. A gidan supa na riƙa tsunkular takin da yatsa uku ina sawa gefen rami, ba a kan ƙwayar ba, kamar yadda masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka daɗe suna koya wa manoma: kaɗan a kowane rami maimakon a watsa buhu guda iska da yashi su raba.

Na tura hannu cikin jigawar da tsakar rana, saman yana ƙuna, ƙasan yana da ɗumi da danshi. Wannan ɗumi da danshin shi ƙuduji ke so. Irinsa ba ya tsira don kawai ruwa ya taɓa shi. Sai ya sha laima cikin ƙasa mai zafi, wajen digiri 30 zuwa 35, na mako ɗaya ko biyu, sannan ya zama a shirye. Ko ya shirya kuma ba zai motsa ba sai ya ji ƙanshin saiwar wake kusa da shi. Ruwan da ya tsirar mana da hatsi makonni biyu da suka wuce, shi ne ya gama shirya shi. Wato mun kawo wake daidai lokacin da yake zaune yana sauraro.

3 ga Agusta

Mun gama noman fari. Kafin shi an yi kwana tara ba ruwa a ƙauyenmu, kuma tudu ne ya fara nunawa: ganyen wake ya riƙa naɗewa da hantsi, alhali na geza ko a jikinsa. Yashi ba ya riƙe ruwa. Irin jigawar nan tamu yashinta ya haura kashi 90 cikin 100, ruɓaɓɓen abin da ke ciyar da shuka kuma bai kai kashi 1 ba.

Da daddare muna zaune a ƙofar gida na yi ƙoƙarin bayyana wa Baba abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk karatun da na yi. Shuka in ta rasa fosfor, ɗaya daga cikin abincin da take sha a ƙasa, saiwarta tana fitar da wani sinadari da masana ke kira istirigolakton. Ba don ƙuduji take fitar da shi ba. Akwai wasu ƙananan halittu dangin naman kaza a cikin ƙasa, masu zare siriri da ido ba ya gani, waɗanda ke manne wa saiwa su jawo mata fosfor daga nesa, ita kuma ta ba su abinci. Su take kira. Iyakar yunwarta, iyakar ƙarfin kiran. Shi kuwa ƙuduji wannan kiran yake jira tun shekaru, da ya ji sai ya fasa ya miƙa ɗan zarensa ya kama saiwar. In bai samu saiwa cikin ƴan kwanaki ba, mutuwa yake, don guzurin da ke cikin ƙwayarsa ba shi da yawa. An fara gano irin wannan sinadari a 1966 a saiwar auduga, amma sai a 2005 aka gane cewa kiran abokan shuka ne.

Baba ya yi shiru ya ce, “Wato waken ne ke kuka, ɓarawo ya ji.” Na ce, “Haka ne, Baba.” Ya ce, “To ai abin da na faɗa maka ke nan, ƙasa ce ta gaji.” Kuma gaskiyarsa. Ƙasar ba ta haifi ƙuduji ba, amma gajiyarta ce ke tashinsa daga barci.

Ya ba ni labarin yadda a zamanin kakana ake barin gona ta huta shekaru, Fulani kuma su kwana da shanu a kai bayan kaka a ba su hatsi. Yanzu gandun an raba shi, an sake rabawa, ba wanda ke da wurin da zai bari saura. Kowace shekara muna kwashe hatsi, mu kwashe kara, mu kwashe harawa har da gindinta, ba abin da ke komawa.

18 ga Agusta

Mako biyar da shuka. A sama ba a ga ƙuduji ko ɗaya ba, amma a gidan da ba taki a kan tudu ganye ya soma wannan rawayar da na sani. Na zaɓi gindi ɗaya da ya fi kumantuwa, na tona kewayensa da hannu a hankali, na ɗago shi da ƙasarsa na wanke a cikin ƙwarya.

Na daɗe ina kallon saiwar nan. A jikinta akwai ƙulle-ƙulle iri biyu. Wasu ƙanana, zagayayyu, in ka fasa da farce cikinsu ja-ja ne. Waɗannan na wake ne, su ke kama masa sinadarin naitirojin daga iska, alheri ne. Sauran kuwa sun fi girma, masu tauri, a kan kowanne wasu fararen tsirrai masu kauri suna cunkushe sun nufi sama, kamar ƴan yatsun jariri. Wasu ba su kai ƙwayar gero ba, ɗaya ya kusa kai ɗan yatsana. Inda suka kama, saiwar ta kumbura, abin da ke gaba da wurin kuma ya ƙanƙance. Na kira Inna ta gani. Ta ce shekara nawa tana cire ƙuduji ba ta taɓa ganin inda yake tsotso ba.

Wannan ne ya sa cirewa ba ta ceton waken bana. Kafin ka gan shi a sama, ya yi makonni yana sha a ƙasa.

Na tona gindi ɗaya na irin zamani a wuri guda. Ƙullin wake na nan, na ƙuduji babu, sai ƴan baƙaƙen ɗigo a jikin saiwar. Yadda aka bayyana juriyar irin B301 ke nan: ƙudujin yana tsira ya kama, amma wurin da ya kama sai ya mutu ko ya kasa girma.

Da yamma na biya kasuwar Miriya, yau Lahadi. Masu sayar da wake suna aunawa da tiya, kuma duk wanda zai saya don iri haka zai kai gida da ƙurar gonar wani a ciki.

27 ga Agusta

Ya fito. A kan tudu, gidan da ba taki, kusan kowane gindi yana da nasa, wani ma kewaye da shi kamar an dasa. Gajere ne, mai kauri, yana rassa tun daga ƙasa, ganyensa ƴan ɓawo ne manne da kara. Gidan takin dabbobi da ke maƙwabtaka da shi, taku uku tsakani, akwai amma tsilla-tsilla, kuma waken kore shar yana rufe ƙasa. Gidan supa yana tsakiya: ƙudujin ya fi na gidan taki yawa, amma waken yana da ƙarfin da zai ɗauka.

Ƙanena ya nuna mini wani a gindin hatsi ya ce ga shi nan ma. Wannan daban ne. Na hatsi da dawa, wanda masana ke kira Striga hermonthica, dogo ne, mai koren ganye da babban fure ruwan hoda. Na wake, Striga gesnerioides, ba ya kama hatsi, na hatsi kuma ba ya kama wake. Har ma wake yana yi wa hatsi aiki: saiwarsa tana tayar da irin ƙudujin hatsi, ya tsira ya rasa abin kamawa ya mutu. Hikimar kakanni ta haɗa su a gona ɗaya ba banza ba ce. Matsalarmu ita ce wake na komawa wuri guda kowace shekara ba hutu, nasa ƙudujin yana ta taruwa.

Na leƙa gamanar Inna da ke bayan gari, inda take zubar da toka da shara da kashin kaji tun kafin a haife ni. Irin wake ɗaya ne da namu, daga rumbu ɗaya. Na zagaya ta sau biyu, abin da na samu bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

4 ga Satumba

Ruwan bana ya wuce misali. Jiya tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Na je na tsaya tare da jama'a, ba wanda ke iya magana sosai. Gidaje da yawa sun faɗi a gari da ƙauyuka. Allah ya mayar wa kowa da alheri.

Damagaram a shekara ta yau da kullum wajen milimita 400 take samu; Magariya ta fi haka, Tanut ba ta kai ba. Ƙudujin wake ɗan irin wannan yanki ne, mai ƙarancin ruwa da yashi da zafi. In ka gangara kudu cikin Najeriya inda ruwa ya fi yawa, wani ɗan'uwansa mai furen rawaya da ake kira Alectra vogelii ne ke ƙara yawa a gonakin wake. Bana kamar an ɗauko damanar kudu an kawo mana, shi ya sa nake zuba ido sosai.

7 ga Satumba

Na samu na isa gona, babur a hannu rabin hanya. Geza ta sha ruwa har ta ƙoshi, ƙafa na nutsewa. Ƙuduji babu ko ɗaya a can, a duk gidaje ukun. Ƙasa in ta jiƙe ta daɗe ba ta tsane ba, tana yin sanyi, iska ba ta shiga, abin da saiwa ke fitarwa kuma ruwa na wanke shi, irin ƙudujin ma yana iya komawa barci. Sai dai ba abin murna a nan, don waken ma ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ganyen ƙasa ya zube, wasu gindin sun ruɓe.

Tudu kuwa ruwa na sauka yana wucewa. Awa biyu bayan an ɗauke, ka taka ba laka. Duk wannan marka ba ta rage ƙudujin jigawa da komai ba, a idona ma ƙarawa ta yi, kuma ina zargin ruwan ya ƙara wanke ɗan abincin da ke cikin yashin ya yi ƙasa da shi. Ruwa ɗaya, gona ɗaya, amma abin da ya aikata a sama daban, a ƙasa daban.

Gindin gawo shi ne wurin da ya fi faranta mini rai. Gawo yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya tare wa shuka rana sosai, ganyen da ya zuba kuma da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani duk suna nan cikin ƙasar. In ka damƙa za ka ga ta fi duhu, tana ɗan haɗuwa a hannu. Har gidan da ban sa wa taki ba a nan ya fi gidan supa na tudu kyau, ƙuduji kuma ɗaiɗai. Mutanen Magariya da Matamai da nan Miriya sun yi suna a duniya wajen barin gawo ya tsiro a gonaki tun daga shekarun 1980. Baba ma yana da ƙanana bakwai da yake sassabe wa rassa yana tayarwa. Na roƙe shi duk wanda ya tsiro a kan tudu a bar shi.

15 ga Satumba

Ƙudujin ya yi fure, ƙanana, shuɗi-shuɗi mai haske, wasu kusan fari. Ba ya ɓata lokaci, ƴan kwanaki bayan fitowarsa yake fure, kuma kansa yake yi wa barbara, ba ya jiran ƙwari. Kwana huɗu muka yi muna cira, ni da ƙanena da yara biyu na maƙwabta. Ba mu yar a bakin gona ba, don wanda ya riga ya yi fure yana iya ƙarasa nunar da irinsa ko an tumɓuke shi. A buhu muka zuba, muka haƙa rami muka ƙone.

Gonar da ke gabas da mu ta wani dattijo ce, abokin Baba, ƴaƴansa duk sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Tasa ta yi shuɗi da furen. Iskar hunturu daga can take busowa. Ban ga dacewar in je da kaina ba, sai na gaya wa Baba. Bayan la'asar suka zauna, washegari dattijon ya ce, “Malam, in kuna da ƙarfi ku shiga, ni gwiwa ta ƙi.” Mun ƙara kwana biyu a tasa.

28 ga Satumba

Mun yi roron irin zamani, kwana 77 da shuka. A kan tudu, ba taki, ya ba da abin da namu bai ba da ba ko da taki. Amma na samu ƙuduji a gindi uku cikin gidansa, na ɗaura musu tsumma tun a watan jiya. Da na ɓare kwansonsu, ƙwayar ba ta yi kama da sauran ba, ta fi ƙanƙanta da ɗan duhu a ido. Irin ne ya zo da gauraye. Na ware su don kada su shiga na baɗi.

Dole a riƙa lura da wannan, don ƙudujin wake ba ɗaya ba ne a ko'ina. Masana sun rarraba shi jinsi-jinsi: na Burkina Faso, na Mali, na Benin, na Kamaru, na Senegal, namu na Nijar da Najeriya kuma suna kiran sa SG3. Waken da ya gagari na wata ƙasa yana iya faɗuwa a hannun namu. In wata shekara na ga ƙuduji a gindin da na tabbata tsantsar irin ne, zan kai wa ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, su duba.

19 ga Oktoba

An ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga wata saboda ambaliya, don haka na samu na tsaya har aka gama roron namu na gida. A tudu ba taki, abin da aka tara bai kai irin da aka zuba da wahalar noma ba. Gidan taki ya ba da wake na ƙwarai da harawa mai yawa. Gidan supa ya biyo baya. Gindin gawo ya fi ko'ina. Geza harawa kaɗan, wake kaɗan, ruwa ya cinye.

Mun ɗaure harawa muna jerawa a kan rumfa, Baba ya ɗaga damin irin zamani da hannu ɗaya, ya ɗaga na gida da hannu biyu, ya dube ni. Na gane. Harawa kuɗi ce a Damagaram, musamman in bazara ta yi nisa da kuma gab da Layya, kuma ita ce abincin awakin da ke ba mu takin. Irin da ba ya yaɗo sosai ba zai kori namu daga gonar nan ba, ni ma ba na so ya kore shi. Mun tsaya a kan cewa baɗi irin zamani zai hau tudu shi kaɗai, tare da taki, shekara biyu ko uku a jere, ya riƙa tayar da irin ƙudujin da ke kwance yana mutuwa. Namu na gida zai zauna a gindin gawo da gefen geza.

16 ga Nuwamba

Waken iri yana cikin buhu mai ruɓi uku, kowane kashi da takardarsa a ciki. Harawar tudu na ware ta daban, takin da za a samu daga gare ta zai shiga sabon rami ya shekara kafin ya ga gona. Karan hatsin tudu ba mu kwashe ba bana, mun kwantar da shi a ƙasa ya tare yashi da ƙurar hunturu.

Na ɗebi ƙasa daga wurare huɗu, tudu da gindin gawo da geza da gamanar Inna, kowace a ledarta, zan nemi a auna mini fosfor ɗinsu a Maradi. Turakan suna nan inda muka kafa su a watan Mayu, na ƙara musu duwatsu don kada dabbobi su tumɓuke. Ina so nan gaba in maimaita gidajen nan yadda suke a damanar da ruwa bai kai na bana ba. Dattijon gabas ya aiko a tambaye ni ko zan rage masa tiya ɗaya ta farin waken. Na auna na ba ƙanena ya kai masa da yamma.